Ranar da Ɗalibata Ta Rufa Mini Asiri a Rumfar Albasa

Shekarun da na yi ina koyarwa sun wuce da abubuwa da yawa, wasu ko an tuna mini sai na yi dogon nazari kafin su dawo. Amma akwai wata Asabar guda a Anacha da na tabbata ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Duk lokacin da ta faɗo mini, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai na ji na sunkuyar da kai.

A Inugu aka haife ni, a cikin Hausawan da ke zaune wajen Ogui. Mahaifinmu Bakano ne, fatauci ya kawo shi, ya zauna har Allah ya karɓi ransa a nan. Cikin 'ya'yan layinmu ni ne na fara zama malami a babbar makaranta, wata kwalejin kimiyya da fasaha da ba sai na ambaci sunanta ba, inda nake koyar da darasin adana amfanin gona bayan girbi. Don haka a unguwa ana ji da ni. In na fito daga masallaci dattawa sukan tsaya mu gaisa sosai, su tambayi iyali, su tambayi ɗalibai. Wasu ma Farfesa suke ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Sai daga baya na gane yadda wannan girmamawa ta shiga kaina.

Koyarwata a lokacin ba ta da wata wahala. Ina da wani littafin rubutu da na kwafo tun ina ɗalibi daga bakin malaminmu, shi ma ina zaton haka ya gaje shi. In na shiga aji sai in buɗe, in yi ta karantowa suna rubutawa har awa biyu ta cika. Ranar jarrabawa, wanda ya mayar mini da kalmomina yadda na ba shi, shi ne ya ci. Ban ga laifin hakan ba, don haka aka koyar da ni. Tambaya kuwa ba na sonta ko kaɗan. A ganina mai tambaya ko dai bai saurara ba, ko kuma yana neman ya gwada ni.

A ajin ƙarshen mako, wanda ake yi don ma'aikata da 'yan kasuwa, akwai wata mata Bahaushiya da za ta kai shekara arba'in. 'Yan ajin, waɗanda yawancinsu Inyamurai ne matasa, Mama suke ce mata. Daga Anacha take tahowa kowace Asabar, ta shigo motar farko, ta zauna a layin gaba da hijabinta, tana rubutu a hankali. Iyakar abin da na sani game da ita shi ne 'yar kasuwa ce. Ban taɓa tambayar me take sayarwa ba.

Wata rana ina karanto musu babin adana albasa, na zo inda littafina ya ce a wuri mai laima ana lulluɓe buhunan da leda don kada danshi ya shiga. Sai na ga ta ɗaga hannu. Na yi kamar ban gani ba, hannun bai sauka ba. Da na ba ta dama ta miƙe, ta ce cikin ladabi, da Turancinta mai sauƙi, a wurinsu in aka rufe albasa da leda ruɓewa take yi, ko akwai wata irin leda ta daban da ake nufi?

Tambaya ce mai kyau. Gaskiyar magana ban san amsarta ba, don ban taɓa adana ko kwando ɗaya na albasa ba a rayuwata. Da na ga dama da na ce mata zan bincika. Ko kuma in amsa mata da Hausa, abin ya tsaya tsakaninmu. Amma sai na zaɓi Turanci, na ɗaga murya yadda na baya ma zai ji, na ce nan makaranta ce ba kasuwa ba, in ilimin kasuwa ya ishe ta me ya kawo ta aji? Ajin ya kwashe da dariya. Sai ta ce da Hausa, a hankali, "Allah ya ba da haƙuri, Malam." Ta zauna. Daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba.

A ƙarshen zango kowane ɗalibi yakan kawo rubutaccen bincike, kuma shi ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka na makin darasin. Nata ya fi na kowa kauri. Na buɗe shafin farko, na ga ba ta fara da ma'anar adanawa yadda take a littafina ba, ta fara ne da bayanin wata rumfa da yadda iska ke ratsa ta. Raina ya ba ni cewa gardamar nan ce ta ci gaba da ita a rubuce. Na ɗauki jan biro na rubuta a bangon cewa wannan ba abin da aka koya mata ba ne, na ba ta makin faɗuwa, na jefa shi cikin sauran. Duka-duka bai ɗauke ni minti biyu ba. Darasin nawa kuwa na dole ne, wanda bai ci shi ba ba zai gama tare da 'yan ajinsa ba. Ta zo ofishina sau ɗaya bayan sakamako ya fito, ta yi sallama daga bakin ƙofa, na ce mata ina da taro. Da sabuwar shekarar karatu ta kama ban gan ta ba, ban kuma tambaya ba.

A shekarar ne aka naɗa mana sabuwar shugabar sashe, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda in mun haɗu mu biyu da Hausa muke magana. Madam muke ce mata. Ta zo da tsarin da bai yi wa da yawanmu daɗi ba: za ta riƙa shiga aji tana zama a baya tana sauraro, kuma kowane malami sai ya fita da ɗalibansa sau ɗaya a zango su ga abin da ake koya musu da idonsu. Na yi ta gunaguni a ɗakin malamai, ina cewa wannan ɓata lokaci ne. Ita kuwa ba ta kula ni ba. Da kanta ta shirya da 'yan albasa na bakin gadar Neja, wurin da ake kira Head Bridge, ta ce mini, "Malam, mutanenka ne, za ku fi fahimtar juna. Ni ma zan bi ku."

Da damina ne. Muka tashi da safe a bas ɗin makaranta, muka isa Anacha da hantsi, hadari ya haɗu amma ruwan bai sauko ba. Tun kafin mu sauka warin albasa ya tarye mu. Tireloli daga arewa sun jeru ana sauke kaya, 'yan okada masu babura na kutsawa ta tsakaninsu, ana ta ciniki da Hausa da Inyamuranci da Turancin buroka duk a haɗe. Wanda ya karɓe mu wani dattijon Alhaji ne, shugaban 'yan albasar wurin, Basakkwace da ya fi shekara hamsin a garin. Da ya ji cewa malamin da ya kawo ɗaliban Bahaushe ne, sai fuskarsa ta cika da fara'a. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gidanmu, ashe ma ya san mahaifinmu. Ya sa aka kawo mini kujera ni da Madam, ɗalibai suka kewaye mu a tsaye.

Alhajin ya sa hannu a buhu ya zaro albasa uku ya jera a kan benci. Da buroka ya tambayi ɗaliban, cikin ukun nan wacce za ta kai mako ba ta lalace ba? Ɗalibai sama da talatin, waɗanda suka yi wata uku suna rubuta albasa a littafi, suka tsaya suna kallon albasa kamar ba su taɓa ganinta ba. Can sai wani saurayi, wanda ya fi kowa maki a ajina, ya matso ya fara zubo ma'anar adanawa, kalma bayan kalma, har da inda nake tsayawa in numfasa. Alhaji ya saurare shi har ya gama, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. To amma wacce ce za ta kai makon?" Yaron ya juyo ya kalle ni.

Nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Maimakon in yi shiru in koya, sai na miƙe don in nuna akwai malami a wurin. Na hango buhuna a jere a kan katako, an ɗaga su daga ƙasa, an bar tazara a tsakaninsu, ba a rufe su da komai ba. Na nuna wa ɗalibai, na ce su duba, wannan shi ne kuskuren da 'yan kasuwarmu ke yi, ga hadari ga laima amma ba leda. Ban tsaya nan ba, na juya na maimaita wa Alhaji da Hausa, har da cewa shi ya sa asara ke yi musu yawa.

Masu dakon da ke kusa suka dakata da aiki. Ɗaya ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, in muka rufe ta da leda, bayan kwana uku sai dai a kwashe ta da shebur." Ya faɗa ne a tausashe, kamar mai ba da haƙuri. Sannan ya waiwaya cikin rumfar ya ce a kira masa 'yarsa. "Ita ta ɗan taɓa boko," in ji shi, "ta fi ni iya yi wa yara bayani."

Da ta fito daga bayan buhunan tana goge hannu da gefen zaninta, sai na gane ta. Ɗalibar nan tawa ce. Ta gan ni, ta ɗan tsaya, sannan ta rusuna ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Au, kun san juna?" in ji Alhaji.

"Baba, ai malaminmu ne."

Dattijon ya sake kama hannuna. Ya ce, "Ashe kai ne. Allah ya saka da alheri, kun yi iya ƙoƙarinku. Ta gaya mini karatun ne ya fi ƙarfinta. Na ce mata ba komai, ba kowa Allah ya yi wa kan boko ba, ta dawo ta kama abin da ta iya."

Ban san abin da na amsa masa ba. Ina jin amin na ce.

Abin da ya biyo baya shi ne darasi mafi kyau da na taɓa gani an koyar a fannin da nake cin albashi da sunansa. Ta ba kowane ɗalibi albasa a hannu, ta ce su danna wuyanta da babban yatsa. Mai taurin wuya, wadda ɓawonta ke ƙara in an murza, ita ce mai kwana. Mai laushin wuya ta riga ta fara mutuwa daga ciki ko da bayanta na sheƙi. Ta yanka ɗaya daga cikin ukun nan na kan benci, wadda ta fi kyan gani, sai ga tsakiyarta ta yi ruwa. Daga nan ta ja su zuwa wata tirela da ta kwana biyu a hanya a rufe da tamfol, ta ce kowa ya tura hannu cikin buhun da ke can ƙasa. Suna turawa suna zarowa da mamaki, don cikin buhun da ɗumi, hannu kuma na fitowa a jiƙe. Ta ce musu albasa abu ne mai rai, tana numfashi, tana gumi, in ka toshe ta guminta ne zai kashe ta. Tana yi da buroka, in ta ga wani bai gane ba ta juya masa da Inyamuranci. Ɗalibaina suka yi ta jefo tambayoyi suna katse juna. Akwai waɗanda ranar na fara jin muryarsu.

Sai wata yarinya ta buɗe littafinta ta ce, to amma a abin da aka ba su an ce a rufe da leda, ga shi ma yanzu malam ya sake faɗa, wanne za su ɗauka?

Na san abin da na cancanta, na kuma tsaya ina jiran sa. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta nuna rufin rumfar ta ce abin da Malam yake nufi shi ne kada ruwan sama ya taɓa kaya, kuma gaskiya ne, albasar da ruwa ya daka ta gama yawo. Rufin daga sama ake yin sa, a bar gefe a buɗe iska ta wuce. Yarinyar ta gyaɗa kai ta rubuta. Ba abin da nake nufi ke nan ba, ita ma ta sani, Madam ma da ke zaune kusa da ni ta sani. Da ta tona ni a gaban kowa, ina jin da abin ya zo mini da sauƙi.

Da aka tashi, ɗalibai suka nufi mota, na tsaya a baya har na samu ta rage ita kaɗai tana mayar da albasar cikin buhu. Na ce, "Hajiya, binciken nan naki." Da ƙyar na ƙarasa. "Ban karanta shi ba. Shafin farko kawai na duba."

Ta ce, "Na sani, Malam."

Na ce yaya aka yi ta sani.

"Wurin mai haɗa takardu gam ya zuba, shafi na biyu da na uku suka manne. Ban lura ba sai da na miƙa. Da aka dawo mini da shi, a manne na same su."

Ba ta faɗa da ɗaci ba, kamar dai tana ba ni labarin wani. Na tambaye ta me ya sa ba ta kai ƙara ba, me ya sa ta ce wa mahaifinta ita ce ta gaza. Ta ce, "Kai kaɗai ne namu a wurin. In na kai ƙararka, me za a ce da mu? Baba kuma in ya ji, sai ya taso har Inugu." Na roƙe ta ta aiko mini da takardar. Ta ce to.

A hanyar komawa, da muka yi nisa, Madam ta juyo wajena. Sannan ta ce, "Malam, matar nan me ya hana ta gamawa?" Na gaya mata duka, ban rage ba. Ta ce akwai hanyar gyarawa, amma sai na rubuta da hannuna cewa na ba da maki ban karanta ba, kuma takardar za ta shiga fayil ɗina.

Ranar Talata wani direba ya kawo mini binciken har ofis. Na sa reza na raba shafukan nan biyu, na zauna na karanta har ƙarshe. Damina guda ta yi tana gwaji a rumfar mahaifinta. Ta ware buhuna kashi uku, wasu a ƙasa, wasu a kan katako, tana buɗewa duk bayan kwana biyu tana rubuta abin da ta gani, har da hotuna. Kashi na uku kuwa ta lulluɓe su da leda, daidai yadda na karanto musu. Ta rubuta cewa ko da yake ta saba ganin akasin haka, ba daidai ba ne ta ƙi maganar malami ba tare da ta gwada ba. Buhunan nan duk sun ruɓe. Wato ita ta ɗauki maganata da nauyin da har ta sadaukar da kayan mahaifinta a kanta, ni kuwa ban ba tata darajar juya shafi ɗaya ba.

Zan so in ce washegari na rubuta takardar da Madam ta nema, amma ba haka aka yi ba. Mako biyu na yi ina juya abin, ina tunanin sunana, ina tunanin abin da abokan aiki za su ce. Wannan ma wata kunyar ce da nake ɗauke da ita. A ƙarshe dai na rubuta. Aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya ja baya. Aka ba wasu malamai biyu binciken suka duba, suka ba shi makin da ban taɓa ba kowa ba. Ta dawo ta ƙarasa, amma shekara biyu bayan 'yan ajinta, kuma ba wanda zai mayar mata da waɗannan shekarun.

Kafin ta dawo na sake zuwa Anacha ni kaɗai, na samu Alhaji a rumfa bayan azahar. Bayan mun gaisa na gaya masa cewa 'yarsa ba ta gaza ba, ni ne na zalunce ta. Can ya ce, "Ni kuwa har gori na yi mata, na ce ta bar 'ya'yanta da kasuwa tana bin hanya a banza." Ya share fuska da tafin hannu. "Malam, ba ni za ka ba haƙuri ba. Ni ma yanzu ka bar ni da nawa haƙurin da zan bayar." Bai riƙe hannuna da hannu biyu ba da zan tafi, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun daga zangon da ya biyo baya na canja yadda nake shiga aji. Nakan zo da abin da za mu yi magana a kansa a cikin kwando, doya ko barkono ko masara, in ajiye a tebur, in fara da tambayar wa ya taɓa adana wannan a gidansu. Kusan kullum sai an samu wanda ya san abin da ban sani ba. Ranar da na fara cewa "ban sani ba, bari mu bincika tare" a gaban ɗalibai, na zaci raini zai biyo baya. Abin da ya biyo baya shi ne hannuwa sun ƙaru a sama. Takardar ɗalibi kuwa, komai kaurinta, ba na sa mata biro sai na kai shafin ƙarshe.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, malamin da ya daina saurare ya daina koyarwa, ko da kuwa yana shiga aji kullum. Ɗalibi ba ya zuwa hannu wofi, yakan zo da abin da ya gani a gida da gona da kasuwa, kuma aikin malami ya karɓi wannan ya ɗora a kai. Sannan makin da muke rubutawa cikin minti biyu, a wurin mai shi shekaru ne na rayuwa, da mutuncinsa a idon iyayensa da 'ya'yansa. Na koyi wannan a makare, kuma wata ce ta ɗanɗana wahalar kafin in koya. Ina roƙon duk wanda aka damƙa wa aji kada ya jira sai ya zalunci wani kafin ya gane.